Saura Fulogi: Jama'ar Tsohon Inji a Gusau, Tsafe da Bungudu

A ƙasar da ake ɗaure ciyawa dami-dami a kai ta kasuwa, a yi cinikinta har da rantse-rantse, babu abin da ya kai injin yankan ciyawa rashin dalili. Akuya na nan, tunkiya na nan, ga yaro da laujensa yana neman na kashewa. Duk da haka in ka leƙa bayan wasu gidajen GRA a Gusau, ko ka bi layin kanikawa, sai ka ci karo da shi: ƙafa huɗu, dogon hannu na turawa, fenti ya koɗe, tsatsa ta kama gindi. Wani ne ya saye shi da kuɗinsa. Wani kuma yana nan yana fama da shi, ya rantse sai ya tashi.

Asalin abin daga Ingila yake. Wani mai suna Edwin Budding ne ya ƙirƙiro shi a 1830, kusa da garin Stroud, bayan ya ga wata na'ura a masaƙa tana aske gashin ulu daga jikin yadi. Ya ce abin da ya aske yadi ai zai aske fili. Ana ba da labarin cewa da dare yake fita gwajinsa don kada maƙwabta su ce ya taɓu, kuma da a Tsafe ya yi wannan gwaji da rana tsaka, da maƙwabtan sun yi gaskiya. Zuwa 1832 kamfanin Ransomes na Ipswich ya fara ƙera shi don sayarwa. Yau a can akwai gidan tarihi sukutum a Southport da aka keɓe wa irin waɗannan injuna, akwai kuma ƙungiyar masu tara tsofaffinsu da aka kafa a 1990. Su wanke, su goge, su shafa fenti, su jera a fili, su sha shayi suna kallo.

Namu ba su da ƙungiya, ba su da gidan tarihi, amma cutar ɗaya ce. Injin ciyawa ma auta ne a gidan. Yayyensa su ne injin niƙa, injin ban ruwa da tsohon janareto, kuma duk wanda ya kamu da son ɗaya daga cikinsu, da wuya ya tsaya a nan.

Mu fara da dattijon GRA, tunda shi kaɗai ne yake amfani da injin don abin da aka yi shi. Tsohon ma'aikaci ne. Lokacin da aka ƙirƙiro jihar Zamfara ranar 1 ga Oktoba, 1996, yana cikin waɗanda suka kwaso kaya daga Sakkwato zuwa Gusau, kuma a cikin motar kayan, tsakanin gado da akwatin littattafai, akwai wannan inji da ya saya a wani gwanjo. Yana da ɗan fili a gaban gida, bai kai faɗin tabarma goma ba, inda ƙarangiya ta fi kiri-kiri yawa. Wata takwas na shekara filin ƙura ne. Amma da Agusta ta shigo, sai Yallaɓai ya fito da gajeren wando da safa har gwiwa, ya ja igiya, ya ja, ya sake ja, har sai kafaɗa ta ce ta gaji. In Allah Ya sa injin ya tashi, unguwa ta san ya tashi. Maƙwabcinsa mai kiwon raguna yakan tsaya a bakin katanga yana kallon mutum na ƙona fetur don ya lalatar da abincin dabbobi, ya ce, "Yallaɓai, da ka bar muna ita, ai da yara sun yanke ma kyauta." Yallaɓai ba ya amsawa. A ganinsa wannan ne bambancin wanda ya yi kwas a ƙasar waje da wanda bai yi ba. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Na fi jin tausayin wanda ake kira Alhaji Saura-Kaɗan. Shi nasa injin ba ya aiki, bai kuma mutu ba, yana tsaka-tsaki ne tun shekarar da aka kwance shi. Notina na cikin gwangwanin madara, kafireto na naɗe cikin tsohuwar hula, igiyar ja kuwa yara sun daɗe da mayar da ita ta lilo. In ka tambaye shi ina aka kwana, amsa ɗaya ce: "Saura fulogi." Ka dawo bayan salla, an sami fulogi, amma saura gasket. An aika Ƙofar Ruwa a Kano ba a samu ba, wani direba ya yi alkawarin dubawa a Panteka ta Kaduna, direban ya yi aure ya koma Funtuwa. Gaskiyar da Alhaji ba zai faɗa ba ita ce ba ya son gyaran ya ƙare. Ran da injin ya tashi, hirar yamma ta ƙare, kuma babu sauran dalilin guduwa zaure idan cikin gida ya ɗauki zafi. Kuɗin da ya kashe a kan kayan gyara sun sayi sabo biyu, amma ka ce masa haka, ka rasa aboki.

A gefen zauren nasa, a kan benci, akwai mutumin da bai taɓa riƙe sifana ba tunda uwarsa ta haife shi, amma babu ciwon injin da bai sani ba. Tun daga nesa yake ba da fatawa. Inji ya ƙi tashi, fulogi ne. Inji na hayaƙi, fulogi ne. Ƙafa ta cire, to a duba fulogi dai. Idan aka canza abin bai yi ba, sai ya ce jabu aka sayo. Idan kuma wani ya gyara ta wata hanya dabam, sai ya gyara zama ya ce, "Ai abin da nac ce ke nan tun farko." Ba a korarsa, don shi ke kawo goro.

Sai Malam Asali, wanda ya fi yawa wajen masu injin niƙa, daga Tudun Wada ta Gusau har Kwatarkwashi da Nahuce. Shi bai san wani inji ba sai Lister, kuma Lister ɗin ma sai na Ingila. Zai ja ka har gindin injin, ya tofa yawu a yatsa ya goge ɗan farantin tagullar da ke jiki, ya nuna maka sunan garin Dursley. Bai iya Turanci ba, amma wannan kalma ya haddace ta. A nan kam yana da hujja. Kamfanin R. A. Lister ya fara fitar da injunansa masu shan gas a 1929, shekarar da layin dogo daga Zariya ya isa Ƙauran Namoda, bai kuma daina ƙera wannan samfuri ba sai 1987. Dursley da Stroud ɗin Budding duk a yanki ɗaya suke, Gloucestershire, wato injin da ke ciyar da ƙauye da injin da ke ɓarnar ciyawa 'yan yanki ɗaya ne. Mai fistan ɗaya, ƙarfin doki 6, juyi 650 kacal yake yi a minti, alhali ƙananan injunan fetur na yanzu suna haura 3,000. Wannan tafiyar hawainiya ita ce sirrin tsawon ransa. Manyan faya-fayan ƙarfe biyu a gefe, duro cike da ruwa yana sanyaya shi, bel yana kaɗawa, sautinsa kuwa tum, tum, tum, mata na jin sa daga bayan gari su san an buɗe.

Inda Malam Asali ya wuce gona da iri shi ne raini. Tun da daɗewa masana'antun Rajkot a jihar Gujarat ta Indiya suke ƙera kwafin wannan inji, kuma yawancin abin da ake kira Lista a ƙauyukanmu nasu ne. Gaskiya ne ana kuka da wasunsu, musamman yashin zubi da ake mantawa a cikin ciki har ya cinye ƙarfe. Amma Malam Asali ba ya gaisawa da mai na Indiya sai da gefen baki, mai ɗan Caina kuwa ko ta'aziyya sai an matsa masa. "Wanga ba ya mutuwa, ɗana, sai dai shi huta," in ji shi. Da za a kwance nasa injin a ƙirga, fistan na Indiya ne, zobba na Indiya ne, nozul na Indiya ne, bel ɗin kuma daga jikin wata motar ɗaukar kaya aka yanko. Abin da ya rage na Ingila shi ne gangar jiki da farantin tagulla. Da tsohuwar zuma ake magani, ya ce. Ba ya faɗin ruwa nawa aka ƙara mata. Kana iya gane shi a taro ba tare da ya yi magana ba: haƙoran gaba biyu babu, tun ranar da hannun tayar da inji ya kuɓuce ya dawo masa.

Akwai kuma Mai Haɗa Aure. Shi a wurinsa babu injin da aka yi don aiki ɗaya. In ya ga injin ciyawa a bola, abin da yake gani injin markaɗe ne da bai san kansa ba. Ya saya, ya kai wa mai walda, su kwana biyu suna ƙulla ƙarfe. A nan ne zai gano abin da bai tambaya ba. Injin ciyawa mai wuƙa a ƙarƙashi sandarsa a tsaye take, tana kallon ƙasa, shi kuwa markaɗe da famfon ruwa sandar da ke kwance suke so. Mutuminmu ba ya ja da baya. Sai ya kwantar da injin a gefensa. Ya tashi kuwa, har aka yi tafi, aka zuba tattasai. Sai dai baƙin mai da aka tsara ya zauna a wuri ɗaya a riƙa fantsama shi ya koma wani lungu, wani ya bi ta kafireto, hayaƙi ya turnuƙe, kafin a gama markaɗen gida uku fistan ya kama. Da tsofaffin nan ne masu wuƙaƙe a murɗe, irin su Atco da Suffolk Punch, da ya dace, don su sandarsu a kwance take. Amma kada a yi masa dariya da yawa. Irinsa ne suka ɗora injin ban ruwa a kan amalanke, suka haɗa injin babur da na sussukar masara, suka mayar da famfon fetur ya koma shan iskar gas ta girki. Cikin gwajinsa goma tara na ƙonewa, ɗayan kuwa gari duka sai ya kwaikwaya, ba tare da an tuna wanda ya fara ba.

Dillali ba ya buƙatar dogon bayani. Duk injin da ya zo hannunsa ɗan Beljiyam ne, wata tsohuwar Baturiya ce ke da shi, sau biyu ta tayar da shi mijinta ya rasu. Fentin kore bai gama bushewa ba, ya shafe har kan tsatsa da fulogi. Ya zuba mai mafi kauri don hayaƙi ya lafa, ya ɗumama injin kafin ka iso don ya tashi a ja ɗaya. Ka ce za ka dawo da sassafe ka gwada shi da sanyinsa, sai ya tuna yana da ɗaurin aure a Bungudu.

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne magaji, ko in ce magada, don ba ɗaya ba ne. Tsoho ya rasu ya bar injin niƙa da ya aurar da 'ya'ya sama da goma, ya kai mutum biyu Makka. An zo rabon gado, an raba gona, an raba shanu, an zo kan inji aka tsaya. Babban wa ya ce abin tunawa ne da Baba, ba a sayarwa. Ƙani ya ce to a gyara, kowa ya kawo nasa kason. Wanda ke Abuja ya ce zai turo, bai turo ba. Mata suka ce su dai a ba su nasu. Aka rufe ɗakin da kwaɗo biyu, kowane ɓangare da makullinsa. Damina uku rufin ya faɗa. Injin da ya yi shekara arba'in yana haɗiyar ƙurar dawa bai gaza ba, zumunci ya kashe shi a tsaye.

Duk wannan hidima akwai mai kallonta ta taga, ita ce uwargida. Ba ta san Dursley ba, ba ta son ta sani. Abin da ta sani shi ne wannan tarkace ya cinye mata rabin tsakar gida, ya yaga wa yara riga, ya kuma cinye kuɗin da aka ce babu lokacin da ta nemi na atamfa. Da farko takan yi magana. Daga baya sai ta ba shi aiki: hannun turawa ya zama wurin shanya, bisansa wurin busar da kuɓewa, ƙarƙashinsa kaza ta yi ƙwai ta ƙyanƙyashe. "Maigida, ashe dai abin naka yana da amfani," ta ce, fuskarta ba alamar dariya. Lissafinta ba ya kuskure. Ta san ranar da aka sayo shi, ta san nawa, ta san ƙaryar da aka yi mata a kan farashin. Kuma ta san muryar ɗan jari-bola tun daga kan kwana.

Shi wannan ba ruwansa da asali. Ingila, Indiya, Caina, duk sikeli ɗaya yake ɗora su. Ya fi kowa son tsohon Lister, don ya haura buhun masara uku nauyi, ƙarfen zubi ne zalla. Abin da Malam Asali yake gogewa da yawu, shi guduma yake sa masa, a loda a tirela a kai kamfanonin narka ƙarfe, ya dawo mana a matsayin rodin gini. Yana da haƙuri fiye da kowa a wannan jeri. Ba ya gardama da Alhaji Saura-Kaɗan, gaishe shi yake yi da ladabi ya wuce. Ya san akwai ranar da Alhaji zai tafi Umara.

A nan dariyar takan tsaya mini kaɗan. Injunan nan ba daga sama suka faɗo ba. Gusau gari ne na auduga da gyaɗa da jirgin ƙasa, gari mai gidan gurzar auduga da masaƙa, kuma tana cikin wurare uku na farko, tare da Funtuwa da Gombe, da aka fara shirin raya aikin gona na Bankin Duniya a tsakiyar shekarun 1970. Daga baya shirin Fadama na shekarun 1990 ya baza ƙananan famfuna a bakin gulbi da fadamu. Kowane zamani ya bar ƙarfensa, ya kuma bar mutanen da suka koyi sarrafa shi. Yanzu ga halin tsaro. A ƙauyuka da dama na Tsafe da Bungudu, wanda ya tsere cikin dare yana iya saɓa keken ɗinki, yana iya ɗora famfon ruwa a babur, amma injin niƙa da aka dasa cikin siminti sai dai ya waiwaya ya kalle shi. Wasu daga cikin masu zama a bencin kanikawa a Gusau suna ba da shawarar da ba a tambaye su ba, nasu injin yana can inda ba sa iya zuwa.

Ɗan zamani bai san wannan ba, ko kuma bai dame shi ba. Tun da aka cire tallafin fetur a ƙarshen Mayun 2023 bakinsa ya buɗe. Komai sola. Ya zo ya tsaya kan dattijai da waya a hannu yana ɗaukar su bidiyo, yana cewa zamanin hayaƙi ya wuce. A kan ban ruwa yana da gaskiya, manoman rani da yawa sun koma can kuma ba su yi nadama ba. Amma ran da akwatin na'urarsa ya ƙone, babu abin da zai kwance ya duba, sai dai ya jira sabo daga Kano, alayyafo na bushewa. Sai ka gan shi da yamma ya rage murya yana cewa, "Baba, ko wancan tsohon famfon naka yana nan?"

Na bar ɗaya a ƙarshe da gangan, don shi ne kaɗai ba na iya yi wa ba'a yadda nake so. Tsohon bakanike ne, rumfarsa ta langa-langa ce, kayan aikinsa ba su cika jaka ɗaya ba. Ba ya yawan magana, har ka zaci bai ji ka ba. Aka kawo masa injin ciyawar da ya gagari unguwa, masu benci suna ta ihun fulogi, shi sai ya ja igiya sau ɗaya a hankali, ya ji yadda ta fizge hannunsa, ya ce, "Ya bugi dutse ko?" Ya buga kuwa. Tsakanin sandar injin da faifan da ke samanta akwai wani ɗan ƙarfe mai laushi, bai kai ƙwayar wake biyu ba, wanda aka yi shi da gangan don ya karye idan wuƙa ta daki abu mai tauri. Ya karye ya ceci sanda, amma wuta ta daina zuwa a kan lokaci, inji ya ƙi tashi. Wani bakaniken ƙusa zai fafe ya cusa, ta yi aiki, har ranar dutse na gaba da sandar kanta za ta lanƙwashe. Shi kuwa sai ya nemo guntun alminiyam ya zauna da zarto. Haka yake gane tsohon fetur ta wari, ya san wanda ya kwana wata takwas a tanki ya zama danƙo ya toshe kafireto. Aibinsa biyu ne. Ba ya cika alkawarin rana, jibinsa na iya kaiwa wata. Kuma ba ya koyarwa da baki, sai dai yaro ya tsaya ya kalla, yaran kuwa duk sun tafi acaɓa da haƙar zinariya.

In ka tambaye ni wanda ya fi cancanta a cikinsu, shi ne, sai uwargida ta bi masa, don su biyu ne kawai suke faɗin gaskiya game da injin. Sauran duk da kansu suke hira.

Kai kuma mai karatu, in akwai irin wannan ƙarfe a zaurenku ko bayan ɗakin girki, kada ka jira magada su sa masa kwaɗo biyu. Kai shi wurin tsohon nan tun yana gani da idonsa, ka tura yaro ɗaya ya tsaya kusa da shi, ka biya shi ba tare da ka yi masa ciniki irin na tumatir ba. Ruwa na ɗaukewa cikin Oktoba ka tsiyaye fetur ɗin tas, ka rufe shi da buhu. In kuma za ka yi doguwar tafiya, ka fara sasantawa da Hajiya kafin ka fita.